Filin Lambun Gida: Tambayoyinku Kan Jiƙon Taki

Assalamu alaikum. Yawancin saƙonnin da suka iso filin nan a wannan wata kan abu guda suke magana: ruwan da ake samu idan aka jiƙa ruɓaɓɓen taki, aka tace, aka ba shuka. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani jama'a da yawa, wasu kuma mun taƙaita su.

Tambaya: Ina da buhunan tumatir goma sha biyu da fangali biyu na alayyafo a bayan ɗaki. Maƙwabciyata ta ce in riƙa jiƙa taki ina ba su ruwan. Yaya ake haɗa shi, kuma nawa ake zubawa? *(Uwargida daga Tudun Wada, Zariya)*

Amsa: Hajiya, sannu da himma. Shawarar maƙwabciyarki mai kyau ce, da sharaɗin cewa takin da za ki jiƙa ya riga ya ruɓe sarai, kuma za mu zo kan wannan a tambaya ta gaba. Kayan aikin ba sai kin je kasuwa ba: bokitin fenti mai lita 20 da aka wanke tas, tsohuwar rigar filo ko yankin gidan sauro da aka ninka biyu, igiya, da sanda.

Ki fara da ruwa. Na rijiya, na burtsatse da na sama duk ana amfani da su nan take. Idan na famfo ne, ki tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya yini, saboda kulorin da ake zuba masa don kashe ƙwayoyin cuta ba ya tantance mugu da nagari, zai kashe ƙananan halittun takin da ake so su shiga ruwan. Ruwan wanki mai sabulu da ruwan kwata kuwa ba sa cikin zancen.

Ma'aunin shi ne taki kashi 1, ruwa kashi 5 zuwa 6. A bokiti mai lita 20, ki auni taki lita 3, wato ƙaramar robar fenti mai lita 4 da ba ta cika ba. Ki ƙulle shi a ƙyallen sakwa-sakwa yadda ruwa zai ratsa shi, ki zuba ruwa lita 15 ko 16, ki bar sarari a sama saboda kumfa. Ki gitta sanda a bakin bokitin, ki rataye ƙullin ya yi lilo a tsakiyar ruwan, kada ya zauna a gindi. Sai ki kai inuwa, ki rufe bakin da gidan sauro ki ɗaure. Kada ki sa murfi mai toshe iska.

Safe da yamma ki ɗaga ƙullin ki nitsar da shi sau da yawa, sannan ki kaɗa ruwan da ƙarfi na minti 2 zuwa 3 har ya yi kumfa. In kina da bokiti na biyu, ki riƙa sheƙa ruwan daga wannan zuwa wancan daga sama, hakan ya fi sanda shigar da iska. Kaɗawar nan ita ce mutane suka fi sakaci da ita, kuma ita ce ke hana jiƙon lalacewa. Da zafin bazara kwana 2 zuwa 3 sun isa. Da sanyin hunturu ki ba shi kwana 5 zuwa 7.

Idan ya yi, ki cire ƙullin ki sirka. Manyan shuka da suka kama ƙasa, jiƙo kashi 1 ruwa kashi 3. Ƙananan dashe da abin da ke cikin reno, kashi 1 da ruwa kashi 10. In ma'auni ya rikice miki, ki duba launi: ya zama kamar ruwan shayi marar kauri, wanda ake hango gindin kofi ta cikinsa. Kowane buhun tumatir ya sami rabin lita zuwa lita 1 na sirkakken. Ledar fiya wata rabin lita ce, kina iya auna gwangwaninki da ita. Fangali mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 ya sami lita 10. Da wannan lissafi bokiti ɗaya ya ishi lambunki har da ragowar da za ki miƙa wa maƙwabciyar.

Ki ba su duk mako biyu, da sassafe ko bayan la'asar. Idan ƙasar ta bushe, ki fara yin bayi da ruwa zalla, bayan kamar awa ɗaya ki bi da jiƙon, domin busasshiyar saiwa ta fi saurin ƙonewa, kuma a busasshen buhu ruwan ta gefe yake zirarewa. Ki zuba a ƙasa, tazarar tafin hannu daga karan shukar. Abin da ya saura a ƙyallen taki ne har yanzu, ki barbaɗa shi a gindin tumatir ki lulluɓe da busasshiyar ciyawa.

Tambaya: Ina tara kashin awaki da sharar tsakar gida a kusurwa, yau wata biyu ke nan, ya bushe ƙayau. Zan iya jiƙa shi? *(Malamin makaranta daga Gumel)*

Amsa: Malam, tukuna dai. Bushewa daban, ruɓewa daban. Ƙananan halittun da ke narkar da kashi da ganye sai da danshi suke aiki, da zarar tsibin ya bushe sai su tsaya cak. Abin da ke kusurwar gidanka ɗanyen kashi ne da rana ta busar. Ka jefa shi cikin ruwa, ruɓewar da ba a yi a tsibi ba za ta fara a cikin bokiti, ta fitar da amoniya, wato iskar nan mai warin fitsari, da sinadarai masu tsami waɗanda ke ƙona saiwa.

Takin da ya nuna ana gane shi da ido da hanci da hannu. Launinsa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, yana marmashewa, ba ka iya cewa wannan ƙwallon kashin akuya ne wancan ɓawon doya ne. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi. In ka juya shi ka yayyafa ruwa, ba ya sake ɗaukar zafi.

Akwai gwaji mai sauƙi da irin lansir, wanda shi ne irin da ake amfani da shi a ɗakunan bincike don wannan aiki, saboda saurin tsirarsa da kuma rashin jurewarsa ga ɗanyen taki. Ka jiƙa taki kashi 1 a ruwa kashi 10 na 'yan sa'o'i, ka tace. Ka shimfiɗa auduga a faranti biyu, ka jiƙa ɗaya da ruwa zalla, ɗayan da tataccen ruwan takin, ka jera ƙwayar lansir 20 a kowanne, ka rufe. Bayan kwana 3 ka kwatanta. Idan na farantin taki sun tsira kusan daidai da na ruwa kuma saiwoyinsu farare ne dogaye, taki ya yi. Idan kaɗan suka fito, ko saiwar ta tsaya gajeriya ta yi ja, a ƙara masa lokaci.

Ga yadda za ka gyara naka. Da rani rami ya fi, mai zurfin rabin mita a inuwar bishiya, don ya riƙe danshi. Da damina kuwa a tara a sama, kada ruwa ya kwanta a ciki. Tsibin ya kai mita 1 tsawo, faɗi da tsayi, domin ƙarami ba ya riƙe zafi. Ka shimfiɗa busassun abubuwa kauri santimita 15 zuwa 20: yankakken karan dawa ko gero, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, busasshen ganye. Bisa su ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya santimita 10, sai kashin awakin santimita 5, sai ɗan barbaɗen ƙasa. Kana yi kana yayyafa ruwa, haka har ya cika. Gwajin danshi a tafin hannu yake: ka damƙa ka matse, ya dunƙule ya ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu. In ya zubo da ruwa ya yi yawa, in ya warwatse ya yi kaɗan. Gara idan ta cika tsibi, alama ce ya bushe.

Cikin kwana 3 zuwa 5 ya kamata ya ɗauki zafi. Ka soka rodi har tsakiya, ka bari minti 10, ka zaro. In da kyar ka iya riƙe shi, an kai inda ake so. Zafin nan shi ke kashe ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsar ciki da irin ciyawa. Ƙa'idar noman da ba a sa sinadari a Amurka ta nemi dogon tsibi ya zauna a kan digiri 55 na Salshiyas ko fiye har kwana 15, a kuma juya shi sau 5 a cikin kwanakin, don abin da ke gefe shi ma ya shiga tsakiya ya dahu. A gida, juyi duk mako ɗaya ko biyu, tare da ƙara ruwa, zai ba ka taki cikin wata 2 zuwa 3. Bayan ya huce ka bar shi ya huta mako 3 ko 4 kafin ka fara jiƙawa.

Tambaya: Na jiƙa taki a baƙin duro na roba a tsakiyar garka cikin watan Afrilu, na rufe da murfi. Bayan kwana shida wari ya hana mu zama. Shin ƙarfi ne ya yi? *(Wani mai garka daga Maraɗi)*

Amsa: A'a, ɗan'uwa, lalacewa ya yi. Abu huɗu suka haɗu: baƙin duro, rana, murfi, da rashin kaɗawa. Ruwa yana ɗumi, iskar oksijin da yake iya riƙewa tana raguwa. A digiri 20 lita ɗaya na riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 ta sauko wajen 7.5, a digiri 40 ba ta kai 6.5 ba. A daidai wannan lokaci kuma zafin yana sa ƙananan halittun hayayyafa da sauri, suna shanye ɗan abin da ya rage. Da iska ta ƙare sai wasu irin bakteriya da ba sa buƙatarta su karɓe duron, su ne masu warin.

Hanci zai gaya maka inda matsalar take. Warin ruɓaɓɓen ƙwai iskar farar wuta ce, alamar iska ta ƙare ƙaf. Tsami-tsami na nufin an daɗe ba a kaɗa ba, ko an sa wani abu mai zaƙi. Wari mai hawa hanci irin na fitsari amoniya ce, takin bai nuna ba.

Kada ka ba shuka. Ka juye shi a kan tsibin taki, a can zai gyaru ba tare da ya cutar da komai ba. Ka goge santsin da ya manne a jikin duron da soso, ka shanya shi, domin in ka bar wannan santsi jiƙo na gaba ma da shi zai fara. Nan gaba ka nemi mazubi mai faɗin baki marar zurfi, irin babban baho, ka sa a inuwa ka naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara ko ka binne rabinsa a ƙasa. A watannin Maris zuwa Mayu kada ka wuce kwana 3. Ruwan cikin duro guda kuma ya yi wa sanda yawa. Ka yi daidai abin da za ka iya kaɗawa ka kuma ƙarar a rana ɗaya.

Tambaya: A bidiyon YouTube na ga Turawa suna sa famfon iska a cikin bokiti, suna ƙara maɗin rake. Zan iya sa mazarƙwaila ko sukari a madadinsa? Kuma dole ne sai da famfon? *(Matashi daga Kaduna)*

Amsa: Samari, hanya biyu ce, kuma wadda ka gani ita ce ta baya-bayan nan. Tun a shekarun 1980 Heinrich Weltzien da abokan aikinsa a Jami'ar Bonn ta Jamus suka yi gwaje-gwaje da jiƙon da ba a hura masa iska ba, suka ga yana rage wasu cututtukan ganye. Na famfo kuwa ya yaɗu ne a Amurka daga shekarun 1990, musamman ta hannun Elaine Ingham, masaniyar halittun cikin ƙasa wadda ta yi aiki a Jami'ar Jihar Oregon. Manufarsa ita ce a ninka yawan ƙananan halittu masu son iska cikin ɗan lokaci.

Idan za ka yi, ga yadda ake yi. Ka sami ɗan famfon iska irin na masu ajiye kifi a gilashi, mai baki biyu, da tiyo da duwatsun kumfa biyu, ka ɗaura musu abu mai nauyi su zauna a gindin bokiti mai lita 20. Ma'aunin taki kamar na sama ne, ko ma ƙasa da haka. Iskar ta yi ƙarfin da saman ruwan zai riƙa juyawa, ba 'yan kumfa jefi-jefi ba. Ka bar shi awa 24 zuwa 36 ba tsayawa, kuma da ka kashe famfo ka yi amfani da shi cikin kamar awa 4. Nan matsalarmu take. Idan aka ɗauke wuta cikin dare, halittun da ka ninka za su shanye iskar cikin 'yan sa'o'i, ka wayi gari da abin da ya fi na sanda muni. Wanda ba shi da sola ko batirin da zai riƙe famfo kwana da yini, hanyar sanda ta fi masa. Tiyo da duwatsun kuma a wanke su bayan kowane haɗi.

Batun zaƙi, amsarmu a'a ce, ko maɗi ko mazarƙwaila ko sukari. Zaƙi ba ya zaɓen wanda zai ciyar. Binciken da masanan Ma'aikatar Noma ta Amurka suka wallafa a 2004 da 2007 ya nuna cewa idan akwai ragowar ƙwayoyin cuta irin su E. coli ko Salmonela a cikin taki, ko da 'yan kaɗan ne, ƙara maɗi da makamantansa na sa su ninka sosai a cikin jiƙon, kuma hura iska ba ta hana hakan. Shi ya sa kwamitin da hukumar ƙa'idojin noman da ba a sa sinadari ta Amurka ta kafa kan wannan batu ya ba da shawara a 2004 cewa jiƙon da aka ƙara wa irin waɗannan abubuwa sai an gwada shi a ɗakin bincike, in ba haka ba a ɗauke shi a matsayin ɗanyen kashi. Mai lambun bayan gida ba shi da ɗakin bincike, kuma latas ɗin da zai shayar 'ya'yansa ne za su ci.

Tambaya: Na jiƙa kashin kajin gidan gona kwana uku na zuba wa tattasai da latas. Washegari gefen ganyen ya ƙone, wasu sun yi yaushi duk da ƙasar a jiƙe take. Me ya faru? *(Wata 'yar'uwa daga Hotoro, Kano)*

Amsa: Malama, abin da kika haɗa jiƙon ɗanyen kashi ne, kuma kin zaɓi mafi zafinsu. Kashin kaji ya fi na shanu da na awaki yawan naitirojin, wato sinadarin da ke sa ganye kore, da gishiri nesa ba kusa ba. Idan gishirin da ke cikin ruwan ƙasa ya fi na cikin saiwa yawa, saiwar ba ta iya jan ruwa, sai ma nata ya fita. Shi ya sa kika ga yaushi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Amoniya kuma ta ƙona ƙananan gashin saiwar.

Ki yi bayi mai yawa da ruwa zalla kwana 2 ko 3 a jere. In a buhu ko tukunya suke, har sai ruwa ya riƙa fita ta ƙofofin ƙasa. Ki yi musu 'yar rumfa, kada ki ba su wani taki sai sabon ganye ya fito. Tattasan da tsakiyarsa ke da rai zai farfaɗo.

Latas ɗin ne ya fi damunmu, ba don ƙuna ba. Ɗanyen kashi na ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa da ciwon ciki, latas kuma ɗanye ake cinsa. Ƙa'idar Amurka da muka ambata ta sa kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kamar latas, karas da albasa, da kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Latas ba ya kai kwana 120 a fangali, ke nan babu yadda za a yi ɗanyen jiƙo ya dace da shi. Wanda ruwan ya taɓa, shawararmu ki tuge shi ki jefa a ramin taki.

Jiƙon ɗanyen kashi yana da gurbinsa: mangwaro, gwaiba, gwanda, ayaba da masara. A jiƙa kashi 1 a ruwa kashi 10 na mako biyu nesa da ɗaki, a sirka kashi 1 da ruwa 10 in na kaji ne, a zuba a gindi kawai, a wanke hannu da sabulu. Kashin kare, na kyanwa da bayan gidan mutum ba sa shiga ramin takin lambu sam.

Tambaya: Takin zamani ya yi tsada. Idan na dage da jiƙon nan, zan iya daina sayen NPK da yuriya gaba ɗaya? *(Dattijo ɗan fansho daga Sakkwato)*

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Da jiƙo kaɗai, ba zai yiwu ba. Da takin kansa a cikin ƙasa, a ƙaramin lambu, yana yiwuwa.

Mu yi lissafi a gurguje. Lita 3 na taki, in aka cire ruwan jikinsa, bai fi kilo 1 ba. Taki mai kyau na ɗauke da naitirojin kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato giram 10 zuwa 20. Mafi yawansa a ɗaure yake cikin jikin takin, sai an yi watanni a ƙasa yake sakuwa. Abin da ke narkewa cikin kwana uku a bokiti ɗan kaɗan ne, a ƙiyasi giram 1 ko 2. Yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, don haka ƙaramin cokalin shayi ɗaya nata ya yi kusan daidai da bokitin gaba ɗaya ta wannan fuska. Abin da jiƙo ke kawowa shi ne fotashiyam mai saurin narkewa, ɗan naitirojin da saiwa za ta sha nan take, ƙananan sinadarai iri-iri, da halittu masu rai. Yana taimakon dashe ya kama, yana ɗaga shukar da ke buhu wadda yawan bayi ya wanke ƙasarta. Iyakarsa ke nan.

Abin da jiƙo ba zai taɓa yi ba shi ne gyara jikin ƙasa. Jigawa irin ta wajenku ruwa da taki ba sa zama a cikinta, kuma abin da ke sa ta riƙe su shi ne ɓurɓushin takin kansa. Ku zuba kilo 2 zuwa 3 a kowace murabba'in mita kafin shuka, ku cakuɗa da saman ƙasa, ku lulluɓe da ciyawa ko ɓuntun shinkafa. A buhu, taki kashi 1 ƙasa kashi 2. A irin wannan ƙasa jiƙo ya fi amfani idan an tsinka shi sosai ana bayarwa duk mako. In takin naku kaɗan ne har sai an zaɓa tsakanin jiƙawa da zubawa a ƙasa, ku zuba a ƙasa. Idan tsofaffin ganyen ƙasa suka fara rawaya suna hawa sama, yunwar naitirojin ce, a ƙara taki a gindi.

Tambaya: An ce feshin jiƙon taki na maganin sharon a tumatir da farar hodar da ke fitowa a ganyen kuɓewa. Gaskiya ne? *(Manomin rani daga Kura)*

Amsa: Alhaji, rabin maganar babu gaskiya a ciki, ɗaya rabin kuma da saura. Sharon, wato Tuta absoluta, tsutsar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ce da asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, ta kuma yi ɓarnar da ta sa Jihar Kaduna ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a 2016. A cikin naman ganye da 'ya'ya take haƙa rami, jiƙon taki ba ya kashe ta. Haka ba ya kashe darɓa ko farin ƙuda, ba ya warkar da cutar nannaɗewar ganye da farin ƙuda ke yaɗawa. Baƙin gindin tumatir ma ba nasa ba ne, wannan daga bayi marar tsari yake, yau ambaliya gobe ƙishirwa, har sinadarin kalsiyam ya kasa isa ɗan tumatir.

Farar hoda da sauran cututtukan fumfuna, nan ne aka sami sakamako, amma ba ya tsayawa wuri ɗaya: a wani gwajin cuta ta ragu, a wani ba a ga bambanci ba, ya danganta da irin takin da yanayi. Inda ya yi aiki, rigakafi ya yi kafin cuta ta kama. Ganyen da ya riga ya yi fari a tsinke shi a fitar daga lambu.

Mai son gwadawa ya tace jiƙon sau biyu da lallausan ƙyalle don kada bakin feshi ya toshe, ya sirka kashi 1 da ruwa 5, ya fesa sama da ƙarƙashin ganye da yamma, duk kwana 7 zuwa 10. Ya bar layi ɗaya ba feshi don ya ga ko akwai bambanci. Injin goyon da aka taɓa sa wa maganin ciyawa kada ya kusanci wannan aiki. Ɗan ragowar maganin ciyawa irin 2,4-D ya isa ya murɗe ganyen tumatir. Kuma ba a fesa wa abin da ake ci ɗanye, ko 'ya'yan da suka kusa tsinka.

Gajerun amsoshi

*Ga mai tambaya daga Damagaram kan tsutsar sauro:* sauro na iya kammala girma daga ƙwai cikin kwana 7 zuwa 10 idan akwai ɗumi, kuma nau'in da ke damun mutane da dare a birane yana son ruwa mai datti. Gidan sauro a bakin bokiti da ƙarar da jiƙon kafin mako ya cika sun wadatar. In kin ga tsutsa, ki juye a ƙasa, za su mutu. Kada ki zuba kananzir ko mai.

*Ga mai son zuba toka don ƙara ƙarfi:* a raba su. Toka na ɗaga kaifin ruwan ta koma da naitirojin amoniya, ya tashi a iska. A barbaɗa ta kaɗan a ƙasa a wata rana daban.

*Ga mai ɗebo taki daga bola:* manoman kewayen Kano sun daɗe suna amfani da sharar birni a gonaki, amma bolar yau akwai batir, gilashi, leda, ragowar magani da fenti a cikinta. Rairaya na cire gilashi, ba ta cire dalmar da ta riga ta shiga ƙasar. Ba ma ba da shawarar jiƙa shi don kayan miya.

*Ga mai tambayar ko za a iya cika jarkoki a ajiye na wata guda:* ba a ajiye shi. A rufaffiyar jarka iska na ƙarewa cikin kwana ɗaya, ya yi tsami, jarkar ta kumbura. Takin ne ake ajiyewa, a buhu a inuwa da ɗan danshi, yana kai watanni. Duk lokacin da ake buƙata a ɗebi lita 3 a jiƙa sabo.